Yaushe Za a Shigo da Kaskon Wuta?

Mutanen Yelwa da Zamare, mutanen Wara da Bin Yauri, jama'ar Shanga da Dugu, da ku da ke cikin gungu kuna jinmu ta ƙaramar rediyon da ke rataye a jikin rumfa, barkanmu da war haka. Yaya sanyi? Na san amsar da za ku ba ni: sanyi lokacinsa ne.

To, lokacin nasa ne za mu tattauna a shirinmu na yau, domin a kwanakin nan akwai wata 'yar gardama da ake yi a kusan kowane gida. Ba ta kai a kira mai unguwa ba, amma kullum bayan sallar isha sai an taɓa ta. Tsohuwar gida ta ja mayafi ta ce da jikanta, "Kai ɗan nan, jeka ka ce wa uwarka ta ɗebo mini rushi a kasko." Maigida yana tsakar gida yana jin su, yana kuma tuna nawa ya sayi gawayin da ke madafa. Sai ya matso bakin ƙofa ya rage murya: "Iya, a ɗan ƙara haƙuri mana. Wanda ya fara jin wuta tun yanzu, in muku-muku ya zo da me zai tare shi?" Ita kuma ta ce, "Ƙashina ne ko naka?"

Kowannensu da hujjarsa. Maigida ya tashi ya ji ana cewa jiki in ya saba da ɗumi ba ya sake jure sanyi, kuma ya san daren da aka fara shigo da kasko, an ɗauko hidimar da ba za a ajiye ba sai watan Fabrairu ya ja baya. Iya kuwa ba ta duba kalanda ba. Gwiwarta ce ta faɗa mata.

A wasu ƙasashen hukuma ce take raba wannan gardama. A birnin Beijin na ƙasar Sin, inda ruwan zafi ke bi ta bututu yana ɗumama gidaje, ranar 15 ga Nuwamba ake buɗewa, a rufe ranar 15 ga Maris, sai fa in sanyi ya yi sammako a ɗan matso da ranar. A Jamus, yarjejeniyar haya takan ɗora wa mai gida ya tabbatar da ɗumi daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada ɗakin da mutum ke zaune ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salshiyas. Mu a nan muna da tashar auna yanayi a Yelwa, kuma abin da ta saba nunawa a Disamba da Janairu shi ne da asuba ma'auni kan sauko wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka, da azahar kuma ya haura 30. Bature zai ji wannan ya yi dariya. Bari ya yi. Shi bai taɓa tsoma hannu a randa da ƙarfe biyar na asuba zai yi alwala ba, a ɗakin da aka gina don gudun zafi.

Ma'auninmu na gida daban ne. Leɓe ya fara tsagewa, kaushi ya fito a diddige, wanki ya bushe kafin a gama shanya na ƙarshe, mai shayi ya fara ƙarar da burodinsa tun kafin hantsi. In ka tsaya a bakin ruwa ka duba ƙetare ka ga hazo ya shafe gaɓar can, to baƙon ya iso.

Daga nesa yake tahowa. Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, inda a da can ruwan tafki ne ya kwanta. Busasshiyar iska ce, babu laima a cikinta, babu girgije a sama. Da rana ƙasa ta sha zafi, da dare kuma babu abin da zai tare zafin, sai ya yi ta tserewa sama har gari ya waye. Shi ya sa sanyin magariba wasa ne. Mai cizon yana zuwa ne tsakanin kiran assalatu da fitowar rana. Ku riƙe wannan, masu sauraro, domin za mu dawo kansa.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu kaɗai a wannan yanki. Dattawan da suka ga tashin 1968, shekarar da aka kammala madatsar Kainji ruwa ya hau, sun san irin ɗakin da suka baro. Mutum sama da dubu arba'in aka tayar, akasarin na ɓangarenmu Gungawa da Kambari da maƙwabtansu. Sun bar ɗakunan laka da jinka, aka sauke su a gidajen bulo masu rufin asbesto. Bangon laka mai kauri yakan sha rana yini guda, da dare ya riƙa sako ɗumin a hankali kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Jinka kuma tana numfashi, hayaƙi ya samu hanyar fita ta tsakanin ciyawa. Bulo da asbesto ba su da wannan hali, kwanon da muke rufi da shi yau ma ya fi su rashin kunya: da rana ya gasa ka, da asuba ya yi sanyi kamar ƙarfen da ya kwana a rijiya. Mun canza ɗaki, mun ƙara masa silin da tagar gilashi da ƙofar ƙarfe mai rufewa ruf, amma kaskon da kakanninmu ke shiga da shi ɗakin jinka, shi muke shiga da shi har yau.

A nan ne nake so mu ɗan daɗe.

Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Hayaƙin ɗanyen itace ma ya fi ta mutunci, domin shi yana sa ka hawaye ka tashi ka buɗe ƙofa. Ita kuwa in ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da wani abu. Sai jinin ya yi ta zagaya jiki babu abin da yake kaiwa. Farkon alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mai barci kuwa ba ya ma jin waɗannan, barcin ne ke ƙara nauyi.

Sau nawa aka wayi gari a gida, uwa da 'ya'yanta uku duk kowa na dafe da kai, aka ce zazzaɓi ne ya zagayo, ko aka ce tuwon jiya ne, ko a ce ɗakin yana da iska? Iskar dai tana cikin kasko. Duk ranar da mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, kuma suka ji sauƙi da fitowarsu tsakar gida, a tambayi abin da aka kwana da shi. In kuma an tarar da wani ba ya farkawa, a fito da shi fili nan take, a buɗe ƙofa da taga, a nufi asibiti. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, wanda ba ya cikin hayyacinsa abin da aka zuba masa a baki huhu yake tafiya.

Yanzu ku tuna abin da na ce game da asuba. Ana shigo da kasko bayan isha, lokacin da sanyin bai kai ya kawo ba. Don a adana ɗumin har safe, sai a rufe ƙofa, a toshe ƙasanta da tsumma, a ja labule. Zuwa ƙarfe biyu garwashin ya lulluɓe da toka, yana ci a ɓoye, ɗuminsa ya ragu, gubarsa ba ta ragu ba. Da asuba, sa'ar da ake buƙatarsa, ya riga ya mutu. An sha gubar, an kuma sha sanyin.

Masunta sun fi mu gane wannan lissafi. Je ka bakin ruwa a Yelwa ko Wara da sassafe a watan Janairu. Tururi na tashi daga fuskar ruwa, domin tafkin ya fi iskar da ke kansa ɗumi. A wannan lokacin ne ma ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini tun damina yake isowa gare mu bayan ya yi watanni yana ratsa Mali da Nijar, wanda masana kogi ke kira baƙin ruwa saboda ya zubar da lakarsa a hanya. Kwalekwale ya taɓa gaɓa, mutum ya sauko rigarsa sharkaf, yatsunsa sun ƙage har ba ya iya kwance igiya sai ya sa haƙori. Jiƙaƙƙen tufafi a cikin iska ya fi tsiraici zuƙe ɗumin jiki. Kafin a yi cinikin ko kifi ɗaya, yaro ya riga ya tara kirare da kara a kan yashi, ya hura. A tsaya a kewaye, a juya gaba, a juya baya, a tuɓe rigar a matse ta, wani ya jefa 'yar karfasa a gefen wutar. Minti ashirin, hannu ya dawo, sai a shiga maganar kuɗi. Wutar a fili take, kuma an hura ta daidai sa'ar da jiki ya neme ta. Matan da ke banda su ma ba ruwansu da gardamar kasko, tun Nuwamba yaran unguwa ke fakewa da taya su juya tarwaɗa.

Sai dai gidan masunci yana da nasa haɗarin. Mai injin jirgi yakan ajiye jarkar fetur a ɗakin da yake kwana don gudun ɓarawo, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 jarkar nan ta zama dukiya. Fetur ba ya jiran harshen wuta ya taɓa shi, tururinsa ne ke bin ƙasa ya je ya sami garwashi. Ƙara da gidan sauro da katifar soso, a lokacin da komai ya bushe ƙamas, iska kuma na kaɗawa. Ɗakin da jarka take, kasko ba ya shiga, ko na turare ne.

Mai jego ma a taɓa ta kaɗan. Al'adarmu ta ba ta wankan ruwan zafi da kunun kanwa da gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da haɗuwar zafin nan da yawan kanwa. Jariri yana buƙatar ɗumi, wannan babu musu, amma hula da safa da ƙirjin uwarsa sun fi masa garwashi a rufaffen ɗaki.

To wa ya yi gaskiya, Iya ko maigida? In kun tambaye ni, na bi bayan Iya. Tsoho da jariri da mai asma ba sa riƙe ɗumin jiki kamar saurayi, kuma sanyi yana hawar da jini, yana tayar da ciwon ƙirji. Ranar da mafi rauni a gidan ya ce ya ji, ranar ce ta yi, ko da Nuwamba bai raba ba. Inda na rabu da ita shi ne kwana da shi. A hura gawayin a tsakar gida har ya yi ja, baƙinsa ya ƙare. A shigo da shi ƙofa a buɗe, a yi hira, a gasa ƙafa, shimfiɗa ta yi ɗumi. Da an fara hamma, a fitar da shi a kife masa tsohon kwano. Tsakiyar dare aikin bargo ne, da rigar sanyin gwanjo, da hula. Da asuba, in an tashi dafa ruwan alwala da koko, a sake ɗebo wa tsohuwa rushi daga murhu. Ta samu wuta sau biyu, maigida kuma gawayinsa ya kai shi inda bai zata ba.

Maganar gawayin ma, akwai abin da ke ci mini rai. Muna zaune a gefen madatsar da aka gina don ta ba da megawat 960 na lantarki, amma ɗumin ɗakunanmu daga daji yake fitowa, daga kirya da marke, har da kaɗanya. Ita kaɗanyar da za mu shafa manta a leɓe da diddige a wannan hunturu, ita ake sarewa a turbuɗe a mayar buhun gawayi. Manomin Shanga da ya tara karan dawa da totuwar masara a bayan rumbu ya fi mu dabara, wutar hirar yamma ba ta buƙatar a kayar da itacen shekara hamsin.

Nan da ƙarshen Fabrairu za ku ji tsohuwar nan da kanta ta ce a buɗe mata taga, ta tura bargo ƙarshen gado da ƙafa. Kaskon zai koma aikinsa na turaren wuta ranar Juma'a, maigida kuma ya shiga neman mafici da tabarmar kwana a waje.

A nan za mu dakata. A gaida Iya, a tambaye ta gwiwa. Mu kwana lafiya.