Goge Fayil da Rubutaccen Umarni a Kwamfutocin Farko

Kafin manhajar Windows ta yaɗu da linzaminta da hotunanta, mai aiki da kwamfuta baƙin allo yake tararwa, babu komai a kansa sai harafi ɗaya da ɗan layi mai ƙiftawa, kuma duk abin da yake so na'urar ta yi sai ya rubuta mata shi harafi bayan harafi. Wannan tsari shi ake kira layin umarni, kuma da shi kwamfutar IBM ta shekarar 1981 ta fito, tana aiki da manhajar DOS ta kamfanin Microsoft. A cikin umarnan DOS akwai DEL, wanda ake iya rubuta shi ERASE, aikinsa goge fayil, kuma yana yin aikin nan take ba tare da ya tambayi mai shi ko da gaske yake ba.

Babban haɗarin yana tattare da alamar tauraro, wadda ke tsayawa a madadin kowane suna. Sunan fayil a DOS ba ya wuce haruffa 8, sai ɗigo, sai wasu haruffa 3 masu nuna nau'insa, saboda haka wanda ya rubuta DEL *.TXT ya share duk fayil mai wannan ƙarshen a jakar da yake ciki, wanda kuwa ya rubuta DEL *.* ya share jakar baki ɗaya. A nan ne kaɗai DOS take dakatawa ta nemi tabbaci, inda mai kwafin Ingilishi yake danna Y, mai kwafin Faransanci kuma, irin wanda ya dace da ofisoshin Aljeriya da Nijar, yake danna O. Akwai wani tarko mafi muni, domin DOS ba ta kula da haruffan da suka biyo bayan tauraro a cikin suna, don haka mai neman goge fayilolin da sunansu ya ƙare da harafin A kaɗai zai iya wayar gari ya kwashe na kowa.

Dabarar da ƙwararru suka riƙe mai sauƙi ce, kuma har yau ba a sami wadda ta fi ta ba: mutum ya fara rubuta DIR da ainihin sunan da yake shirin gogewa, ya karanta jerin da ya fito a tsanake, sannan ya sauya DIR da DEL ba tare da ya taɓa sauran rubutun ba. Fayil mai muhimmanci ana kulle shi da umarnin ATTRIB +R, wanda ke mai da shi na karantawa kawai, faifan filofi mai faɗin inci 5.25 kuma ana liƙe ɗan tsagin da ke gefensa da takarda mai gam, sai na'urar ta ƙi rubuta komai a kansa. Sai a shekarar 1988 ne DOS 4.0 ta ƙara zaɓin /P, wanda ke sa a tambayi mutum game da kowane fayil ɗaya bayan ɗaya.

Abin da mutane da yawa ba su fahimta ba shi ne cewa DEL ba ya taɓa abin da ke cikin fayil. DOS tana riƙe da jadawali mai suna FAT, wanda ke nuna gurbin kowane fayil a kan faifai, kuma idan an ba da umarnin gogewa sai ta sauya harafin farko na sunan da wata alama ta musamman, ta rubuta a jadawalin cewa gurbin ya zama fanko. Lamarin ya yi kama da sarkin kasuwa da ya soke sunan ɗan kasuwa daga littafinsa alhali kayan suna nan jibge a rumfa, ba za su gushe ba sai ranar da aka ba wani rumfar. A kan wannan ne Peter Norton ya gina manhajarsa ta UNERASE a 1982, Microsoft ma ta bi sahu da UNDELETE a MS-DOS 5.0 ta 1991, kuma dukansu sukan nemi mai fayil ya tuno harafin farkon da aka soke. Sharaɗin nasara guda ne, wato kada a ajiye sabon abu a faifan kafin a yi yunƙurin ceto.

Wannan bayani ya shafi mai karatu na yau kai tsaye, musamman a gari irin Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya, inda hanyar Agadas da Arlit da Asamaka take kawo fatake da 'yan ci-rani masu jin Hausa, kuma waya da katin memori suke yawan sauya hannu. Akasarin waɗannan katuna da filas-filas har yanzu da tsarin FAT32 ko exFAT suke aiki, wato jikokin wancan jadawali na DOS, saboda haka hotunan iyali da na takardun tafiya da mutum ya goge kafin ya sayar da katinsa suna iya dawowa a hannun wanda ya saya, da manhajar da ake samu kyauta. Wannan ba ƙaramin abin damuwa ba ne ga wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba. Masu kwamfutocin farko sun san matsalar, shi ya sa kundin manhajojin Norton ya ƙunshi WIPEFILE, mai rubuta wasu lambobi a kan gurbin fayil har asalinsa ya ɓace. Kwatankwacinsa a yau shi ne cikakken fomat, wanda tun daga Windows Vista yake cike faifai da sifili, saɓanin fomat na gaggawa da ke share jadawali kawai.

Kwandon shara da ya zo da Windows 95 ya rage asara ƙwarai, sai dai bai rufe kowace ƙofa ba, domin fayil ɗin da aka goge daga filas ko katin memori ba ya biyawa ta cikinsa, haka ma wanda aka goge da DEL a layin umarnin da har yanzu yake cikin Windows.