Tukunyar ɗumama ruwan wurin ninƙaya

Tukunyar ɗumama ruwan wurin ninƙaya na'ura ce da ke ƙona iskar gas ko man dizal domin ɗumama ruwan manyan wuraren iyo na otal-otal, makarantu da cibiyoyin wasanni. An fi amfani da ita a ƙasashe masu sanyi. Sunan yana iya ruɗar mai karatu, domin ba tafasa ruwan ake yi ba. Aikin tukunyar shi ne ta riƙe ruwa mai yawan gaske a kan ɗumi ɗaya dare da rana. Hukumar World Aquatics, wadda ake kira FINA kafin ƙarshen 2022, ta ƙayyade digiri 25 zuwa 28 na ma'aunin Selsiyas ga ruwan gasa. Na ƙananan yara da na masu jinya yakan kai digiri 30 ko fiye.

Yadda take aiki

Injin famfo yana janyo ruwa daga wurin iyo, ya bi da shi ta tankin yashi mai tace datti, daga nan ya kai shi inda zai ɗauki zafi, sannan a zuba masa sinadarin kulorin ya koma. Da gangan aka sa kulorin a ƙarshe, saboda idan ya shiga tukunya da ƙarfinsa yana cin ƙarfe.

Tsari biyu ake da su. A na farko ruwan iyon ne da kansa ke ratsa bututun da wuta ke dukansu. A na biyu, wanda manyan wurare suka fi so, tukunyar tana da nata ruwan da ke zagaye a rufe, yana miƙa zafinsa ga ruwan iyo a cikin na'urar musayar zafi ba tare da sun gauraya ba. Idan ruwan iyon na gishiri ne, akan yi wannan na'ura da ƙarfen taitaniyam.

Inda zafin ke tafiya

Ɗaga ɗumin lita 1,000 na ruwa da digiri ɗaya yana cin kusan kilowat-awa 1.16. Wurin iyo irin na gasar Olamfik, mai tsawon mita 50, faɗin mita 25 da zurfin mita 2, yana ɗaukar lita miliyan 2.5, wato digiri ɗaya kacal zai ci kusan kilowat-awa 2,900. Tukunya mai ƙarfin kilowat 500 za ta yi kusan awa shida kafin ta kai ga hakan, ko da babu zafin da ke zurarewa.

Kuma yana zurarewa, mafi yawansa ta saman ruwa. Duk lita ɗaya da ta tashi ta zama tururi tana tafiya da zafin da zai ɗaga ɗumin lita kusan 580 da digiri ɗaya. Dalilin ke nan da ruwan randa ke yin sanyi, musamman a busasshiyar iskar hunturu. Saboda haka a wuraren iyo na cikin gini ake riƙe iskar ɗakin ta ɗara ruwan da kamar digiri ɗaya, a kuma lulluɓe saman ruwan da dare. Marufin yakan rage kuɗin gas fiye da duk wani gyara da za a yi wa tukunyar.

Daidaitawa

Kuskuren da sababbin ma'aikata suka fi yi shi ne murɗa madaidaicin zafi zuwa sama don ruwa ya yi saurin ɗumi. Ba ya ƙara sauri idan tukunyar tana kan iyakar ƙarfinta, sai dai ya sa ta wuce inda ake so. Gaggawa ma ba a sonta: bayan an sake cika wurin da ruwan sanyi, a hankali ake ɗaga ɗumin don kada tayil ya tsage.

Ainihin aikin yana kan bawul ɗin da ke raba ruwa, wani ya shiga tukunya wani ya kewaye ta. Ma'aikaci yana auna ɗumin ruwan da ke shiga da na wanda ke fita, ya gwada bambancin da wanda kamfanin ƙira ya rubuta. Idan bambancin ya yi yawa, ruwan da ke wucewa ya yi kaɗan. Bututu zai yi zafi fiye da kima, farin ɓawo irin na cikin butar shayi ya taru, a fara jin ƙwanƙwasa. Idan ya yi kaɗan, ruwan yana gudu da yawa kuma yana goge cikin bututun tagulla har ya huda.

Sanyin ruwan da ke komawa tukunya ma abin lura ne. Hayaƙin gas yana ɗauke da tururi, wanda ke komawa raɓa mai tsami idan ya taɓa ƙarfen da zafinsa bai kai kusan digiri 55 ba. Ga tsohuwar ƙira wannan raɓa tsatsa ce da toshewa, don haka ake haɗa ɗan ruwan zafi da mai dawowa. Sabuwar ƙira kuwa an yi ta ne don ta tatsi zafin wannan tururi, ruwa mai digiri 28 ya dace da ita sosai. Saitin da ya gyara ɗaya yana iya lalata ɗayar.

Ana kuma riƙe ma'aunin pH na ruwan tsakanin 7.2 da 7.8. Idan za a kashe injina, tukunya ake fara kashewa, a bar famfo ya ƙara wasu mintuna ya kwashe ragowar zafi.

Haɗari

Tukunyar da ba ta samun isasshiyar iska, ko wadda bututun hayaƙinta ya rube, tana sakin kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi. A 2013 mutum uku sun mutu a ɗaki ɗaya na wani otal a garin Boone da ke jihar North Carolina a Amurka: wasu tsofaffin ma'aurata a watan Afrilu, sai yaro ɗan shekara 11 a watan Yuni. Bincike ya gano cewa gubar ta fito ne daga ruɓaɓɓen bututun hayaƙin na'urar ɗumama ruwan iyon otal ɗin. Gyaran wuta da gas na ƙwararre mai lasisi ne; na ma'aikacin wurin shi ne duba ma'aunai kullum, da tabbatar da cewa ƙararrawar gano wannan iska tana aiki.

Tsada

Lokacin da farashin makamashi ya tashi a Turai, kamfanin Vert Marine ya rufe wuraren iyo kusan 30 a Faransa a watan Satumban 2022. A 2023 wata cibiyar wasanni a garin Exmouth na Ingila ta fara amfani da zafin da wata ƙaramar cibiyar kwamfutoci ke fitarwa, ta bar wa tukunyar gas cike gibi kawai.