Kansar maƙoƙo: rabi za a cire ko duka?

Jama'ar Bangi, Madawa, Buza da Keita, maƙoƙo ba baƙo ba ne gare mu. Mafi yawansa rashin gishiri mai iyodi ke kawo shi, ba kansa ba ne. Amma in ƙullutu mai tauri ya fito a wuya yana girma, ko murya ta dishe ba tare da mura ba, a bar wanzami da sakiya, a tafi asibiti, ko Galmi ko Tawa. Likita zai duba da ekogarafi, in ya ga dalili ya sa a ɗebi ɗan abin da ke ciki da allura a gwada.

In an ce kansa ne, kada gaba ya faɗi. Irin da ya fi yawa, wajen 8 cikin 10, a hankali yake tafiya, kuma galibi ana warkewa bayan aiki.

Naman da ke kumbura, wanda likitoci ke kira tiroyid, yana gaban maƙogwaro, ɓangare biyu ne, dama da hagu. A da galibi duka ake cirewa. A shekarar 2015 ƙungiyar likitocin wannan ciwo ta Amurka ta ce in ƙullutun bai wuce santimeta 4 ba, bai fita daga naman ba, bai kai ga kaluluwa ba, cire rabi yana iya isa.

To, ga inda maganar ta shafe mu talakawa. Wanda aka cire wa duka, sai ya sha ƙwayar levotiroksin kowace safiya har iyakar ransa, ana kuma awon jininsa lokaci lokaci. In ƙwayar ta yanke, jiki ya mutu, ga jin sanyi, ga kumburin fuska. Ku tuna da damina, sa'ad da gulbi ya tare hanya, kuɗi kuma sun tafi ga noma! Wanda aka bar wa rabi kuwa, sau da yawa rabin nan yana ɗauke aikin. Haɗarin taɓa jijiyar murya ma ya fi ƙanƙanta.

Sai dai rabi yana da tasa wahala. In awon naman da aka cire ya nuna ciwon ya fi yadda aka zata, sai a koma aiki na biyu.

Saboda haka kafin maigida ko mai ciwon ta sa hannu, a tambayi likita girman ƙullutun, a faɗa mashi nisan garinku da farmasi, da abin da aljihu zai iya kowane wata.