Ranar Farko da Motar Haya a Ƙasar Wasu

Mutumin Birnin Kebbi ba ya buƙatar jirgi kafin ya tsinci kansa a ƙasar waje. In ya yi sammako ya bi ta Kalgo da Bunza, kafin azahar ya isa Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi, daga nan kuma Gaya ce a gabansa, cikin jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar. Kusancin nan, ga auratayya ga cinikin dabbobi da hatsi, ya sa wasu ke ɗaukar tsallakawa da mota tamkar zuwa Argungu kallon bikin kamun kifi. Sai dai mota ba ta da dangi a Gaya. Kai ana iya saninka, ita kuwa takardunta kaɗai aka sani, kuma a ranar farko ake tambayarsu.

A wurinmu, in an ce an yi hayar mota galibi shata ake nufi: direba ya zo da motarsa, shi ya san shingaye, shi ke sauka da takardu, kai kana zaune. Wanda ya karɓi makulli ya ce zai tuƙa da kansa ya gaji duk wannan ɗawainiya. Abu na farko shi ne sunan da ke kan takardun mallakar motar ba nasa ba ne, don haka yana buƙatar rubutacciyar yardar mai ita cewa an ba shi izinin fita da ita ƙasar waje. Yawancin kamfanonin haya sun hana ƙetare iyaka sai da irin wannan izini, kuma wanda ya yi gaban kansa inshorar motar ba za ta rufa masa asiri ba idan tsautsayi ya faɗa. Sai katin inshora na ECOWAS da aka fi sani da Brown Card, wanda aka kafa tsarinsa a Kwatano a 1982. A lura, wanda ka buge ko ka yi wa ɓarna yake biya, ba gyaran motar da kake ciki ba. Jami'an duwan, wato kwastan, za su ba motar takardar shiga ta wucin gadi mai wa'adi. A karanta ranar ƙarewarta tun a gaban teburinsu. Katin allurar rigakafin shawara ma yana cikin abin da ake tambaya.

Iyakar kanta ba ta zama wuri ɗaya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo rufewa har zuwa Maris ɗin 2024, sannan Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. Labarin wanda ya tsallaka shekara uku da suka wuce ba zai yi maka jagora yau ba. Ka tambayi kamfanin inshorarka matsayin katinsa a can, ka kuma tambayi direbobin tashar Kamba abin da ake nema a wannan makon. Sun fi kowa sani, don da shi suke ci.

Bayan an tsallaka, sauƙi ɗaya shi ne hannun tuƙi bai canza ba: Nijar dama take bi, mu ma dama muke bi tun 2 ga Afrilun 1972. Amma alamun hanya da Faransanci suke, akwai shingen biyan kuɗin hanya da sefa, kuma a adana tikitin don ana iya nemansa a gaba. A shingen jandarmomi ana tsayawa cak, ba rage gudu da ɗaga hannu irin namu ba. Akwai kuma ƙa'idar da ƙasashen renon Faransa suka gada, cewa a mahaɗar da ba alama, mai fitowa daga damanka shi ke da hanya, ko da titinsa ya fi naka ƙanƙanta.

Daga Gaya zuwa Doso kimanin kilomita 150 ne, daga Doso zuwa Yamai kuma kusan 140. A ganina Doso ta ishi baƙo a rana ta farko, ya shiga da sauran rana, ya ga fadar Zarmakoi, sarkin garin, ya kwana. A kan hanyar Yamai ne Kure take, inda ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma ke kiwo, kuma a nan ne 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a Agustan 2020. Matsalar tsaro a yankin gaskiya ce, tafiyar dare ba ta baƙo ba ce.

Inda mutanenmu suka fi gamuwa da hayar mota ta zamani shi ne Saudiyya, musamman da yake masu bizar umara suna da damar ziyartar sauran biranen ƙasar, irin su Ɗa'ifa. A teburin kamfani a filin jirgin Jidda za a nemi fasfo, lasisinka na gida, galibi da lasisin ƙasa da ƙasa, wanda fassarar na gida ne kawai, ba ya aiki shi kaɗai. Za a kuma riƙe wasu kuɗi a katin bankinka a matsayin jingina, kuma katin naira ba kullum yake amsawa a waje ba. Tambaya biyu nake ganin sun fi kowace muhimmanci kafin sa hannu: nawa ne zai fito daga aljihunka in an goge motar duk da inshora, kuma kilomita nawa aka yarje maka a rana kafin a fara ƙirga ƙari.

Da an miƙo makulli kada a yi ɗoki. A zagaya motar da waya ana ɗaukar bidiyo, kowane kwarzane, gilashi, tayoyi, safaya da jak, da inda allurar mai ta tsaya. A tabbatar ko fetur take sha ko gas, in fetur ne kuma 91 ko 95. Minti goma ne, amma su ne shaidarka ranar mayarwa, lokacin da kake sauri jirgi na jira kuma ma'aikaci ya nuna maka lotsewar da ba ka san da ita ba.

Sauran aikin a hannu da ƙafa yake, kuma shi ya fi wuya, domin sabo turken wawa. Direban da ya goge tsakanin 'yan acaɓa da Keke Napep ya saba da oda, da kutsawa, da sasantawa da jami'i a bakin hanya. A Saudiyya kyamarorin Saher, da aka fara kafawa a 2010, su ke rubuta laifin gudu da na ƙetare jar danja, ba kuma wanda za ka ce wa ranka ya daɗe. Tarar za ta biyo ka ta hannun kamfanin hayar. A Ingila, Kenya, Afirka ta Kudu da Maleshiya kuwa hagu ake bi. Cikin cunkoso ba a cika kuskure ba, don kana bin na gabanka. Haɗarin yana zuwa ne lokacin fitowa daga gidan mai zuwa titin da ba kowa, hannu ya koma inda ya saba. Hatta ƙyafta fitila ma'anarta daban: a wurinmu gargaɗi ne cewa ga ni tafe, a Ingila sau da yawa cewa ake yi wuce.

Ga kuma gajiya. Wanda ya baro Birnin Kebbi jiya, ya kwana a zaune a filin jirgin Abuja ko Kano, ya sauka Jidda da harami a jikinsa, kilomita 80 ɗin da ke tsakaninsa da Makka ma sun yi masa yawa, balle ya ce zai miƙe Madina, tafiyar fiye da kilomita 400. Kusa da Harami wurin ajiye mota wahala ne, don haka babu laifi ya shiga tasi ko jirgin ƙasa na Haramain, wanda ke aiki tun 2018, ya sauke umararsa, ya yi barci, sannan ya karɓi motar washegari da safe.