Yadda Za Mu Sa Gurmi Ya Yi Magana a Lasifika



Duk wanda ya taɓa zuwa taro a nan Karare inda ake kaɗa gurmi ko garaya ya san abin da ke faruwa: na gaba suna ji, na baya sai kallon hannun makaɗi. In an matso da makirfo kuma, lasifika ta kama ihu. Akwai wani ɗan abu da ake liƙawa a jikin abin kiɗa, ya ɗauki girgizarsa kai tsaye ya miƙa wa lasifika. Sunansa fiyezo.

Asalinsa, a shekarar 1880 wasu 'yan uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa wasu duwatsu suna fitar da ɗan lantarki idan an matse su. Da wannan hikima letar gas take ba da tartsatsi idan mun danna. A 1969 wani masani a Japan, Heiji Kawai, ya gano wata roba mai irin wannan hali. Shi ya sa yau za mu dubi fiyezo iri biyu.

Na farko faifan tagulla ne kamar kwabo, da farin abu a tsakiya. Yana da araha, kuma muna iya tambayarsa wurin masu gyaran rediyo a Batsari ko Katsina. Muryarsa na da ƙarfi, amma yana da nauyi, ba ya lanƙwasuwa, in an tilasta shi farin ya tsage.

Na biyu kamar leda yake, wani ma bai kai kaurin gashin kai ba. Yana bin jikin ƙwarya, ba ya danne fata, sautin yana fita kusa da yadda kunne ya saba. Sai dai ya fi wuyar samu, kuma ba ya son zafi. Ƙarfen soda zai lalata shi, don haka mu nemi wanda ya zo da wayarsa.

To, wanne za mu zaɓa? Mu dubi fuskar abin kiɗan. Kuntigi irin na marigayi Ɗan Maraya Jos gwangwani ne da aka rufe da fata, gurmi kuma ƙwarya ce da fata. Fatar ita ke magana. In muka ɗora mata nauyi, muryar ta shaƙe. Don haka mai ledar ya fi dacewa. In faifan kaɗai muka samu, mu ɗauki ƙarami, mu liƙa shi a gefe.

Abu uku mu kiyaye. Mu fara gwadawa da salatif kusa da jaki, wato ɗan itacen da tsirkiya take hawa, muna matsarwa har mu ji inda ya fi daɗi. Kada mu sa gam mai ƙarfi, domin cire shi zai yaga fata. Wayar kuma ta zama gajera, irin mai rufin ƙarfe a ciki, in ba haka ba lasifika ta yi ta gurnani.

Kafin mu taɓa garayar wani dattijo, mu fara gwadawa da gwangwaninmu. In fatar ta yage, tamu ce.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.