Birkin Gaba: Yadda Ake Ƙara wa Tsohon Babur Ƙarfin Tsayawa

A ƙasar Ingila akwai mutane da yawa waɗanda har yanzu suke hawan baburan da aka ƙera shekaru hamsin ko sittin da suka wuce, irin su Triumph Bonneville da Norton Commando. Gudu kam ba su rasa shi ba, domin Commando yakan wuce mil 100 a sa'a. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen tsayawa. Motocin da ke gaban mai tsohon babur a kan hanya suna da birki na zamani mai kamawa nan take, shi kuwa nasa birkin na zamanin kakanni ne. Wannan ne ya sa gyaran birkin gaba ya zama aikin farko da masu irin waɗannan babura suke tunani a kai.

Dalilin da ya sa aka fi damuwa da na gaba shi ne, duk lokacin da aka taka birki, nauyin babur da na mahayinsa yakan rinjaya gaba. Tayar gaba sai ta ƙara manne wa ƙasa, ta baya kuwa ta yi sakayau. Saboda haka mafi yawan aikin tsayawa yana wuyan ƙafar gaba. Haka kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki yake bukata kafin ya tsai da babur takan ninka huɗu.

Birkin babur iri biyu ne. Na farko shi ne mai ganga, watau wanda takalma biyu suke buɗewa a cikin cibiyar ƙafa su goga jikinta daga ciki. Aibinsa shi ne yana riƙe zafi, in kuwa ya yi zafi sai kamunsa ya ragu. Na biyu shi ne mai faifai, wanda ake matse faifan ƙarfe daga gefe biyu da ƙarfin man birki, iska kuma tana sanyaya shi. Kamfanin Honda na Japan ne ya yaɗa wannan iri da baburinsa CB750 a shekarar 1969. Norton ya bi sahu a 1972, Triumph kuma ya sa wa Bonneville a 1973.

Kafin a sayi wani sabon abu, wajibi ne a fara mayar da birkin yadda ya fito daga masana'anta, domin sau da yawa ba ƙirarsa ce ta gaza ba, tsufa ne ya ci shi. A birki mai ganga, akan duba ko wayar birki ta saki, ko maiƙo ya jiƙa takalman, ko gangar ta daina zama da'ira sosai. Gwanin bakanike yakan rarake gangar, ya sa sababbin takalma, ya daidaita su yadda duk fuskarsu za ta taɓa ƙarfe. Sai dai a yi hattara da ƙurar tsofaffin takalma, gama yawancinsu da asbestos aka yi su, shaƙarsa kuwa tana lalata huhu. Ba a hure ta da baki ko da iska, da jiƙaƙƙen tsumma ake share ta.

In an gama wannan ba a gamsu ba, sai a shiga batun sauyi. A birki mai ganga na da, takalmi ɗaya ne kawai juyawar ƙafa take taimaka wa wajen kamawa, ɗayan kuwa ture shi take yi. Akwai wata ƙira da ke sa takalman biyu su sami wannan taimako, wadda Triumph ya fara sa wa manyan baburansa a 1968. Masu baburan da suka girmi wannan shekara sukan nemi irinta su ɗora, babur ya ƙara kamawa ba tare da kamanninsa sun sake ba.

A birki mai faifai kuwa, labarin Norton Commando yana da darasi. Masu shi sun daɗe suna kukan cewa matsa birkinsa kamar matsa itace ne, hannu ya gaji babur bai tsaya ba. Asalin matsalar ba faifan ba ne, famfon da ke jikin hannun birki ne, wanda faɗin bakinsa ya kusa milimita 16. Da aka tsuke shi zuwa milimita 13, sai matsin da yatsu iri ɗaya suke bayarwa ya ƙaru da wajen rabi. Bayan haka akan sauya tsohon tiyon roba, wanda yake kumbura in an matsa, da mai saƙar waya a jikinsa. Man birki kuma yana shan laima daga iska, don haka akan zubar da shi a sa sabo duk bayan shekara biyu.

Amma fa akwai iyaka. Birki yana tsai da ƙafa ne kawai, taya ce take tsai da babur. In aka ɗora birki mai tsananin ƙarfi a kan tayar da ta tsufa ta bushe, ƙafar za ta kulle, mahayi ya sha ƙasa, an yi gyaran gangar auzinawa ke nan. Haka nan siraran sandunan gaba da wayoyin ƙafa na tsohon babur ba don ɗaukar irin wannan ƙarfi aka yi su ba, dole a duba su. Tsohon babur kuma ba shi da na'urar hana ƙafa kullewa, wadda Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin manyan babura tun daga 2016. A Ingila, wanda ya sauya birki ya kamata ya sanar da kamfanin inshorarsa, in ba haka ba yana iya rasa diyya ranar da hatsari ya auku.

Bayan an kammala aiki, saura abu ɗaya. Hannun da ya shekara ashirin yana damƙar birki da iyakar ƙarfinsa ba zai manta da wannan sabo a rana ɗaya ba. Don haka mai babur ya nemi fili inda babu motoci, ya yi ta gwada tsayawa da ƙaramin gudu, yana ƙarawa sannu a hankali, har yatsunsa su san sabon birkin kafin ya hau babbar hanya.