Kaka a Maraɗi: Daga buɗin dajin Tibiri zuwa zogalen Jiratawa, me ya saura na bukukuwan girbi?

Da zarar watan Oktoba ya kama, hanyoyin da ke shigowa birnin Maraɗi kan cika da amalanken shanu ɗauke da dammunan hatsi. Farashin tiya ya sauko a kasuwa, mai bashi ya samu abin biya, auren da aka ɗage tun damina a sa masa rana. Daga nan har ƙarshen sanyi, da wuya dare ya yi ba a jiyo kalangu daga wata unguwa ba.

Maraɗi ba ta da wani biki guda mai suna da kwanan wata da ake kira bikin girbi. Abin da take da shi jerin shagulgula ne da ke bin juna wata uku zuwa huɗu, wasu a fada, wasu a ƙauye, wasu a filin kokowa. A cikinsu akwai masu ƙara ƙarfi, akwai waɗanda matashin da aka haifa a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo bai taɓa gani da idonsa ba.

Bikin da ya kusa ɓacewa

Mafi girma a idon manomin da shi ne dubu. Wanda ya noma dami dubu yakan tara jama'a, a yi kwanaki ana ci ana sha, gangar noma na tashi, ya raba hatsi da dabbobi da tufafi har ya kusa komawa hannu rabbana. Abin da yake samu a madadin dukiyar shi ne sarautar Sarkin Noma, da sunan da zai bi 'ya'yansa. Masanin nan Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Gulbin Maraɗi, ya rubuta yadda ake yin wannan biki a littafinsa na 1975.

Yau gonar da za ta ba da dami dubu ta yi wuya. Maraɗi na cikin jihohin da suka fi yawan jama'a a Nijar, kuma duk rabon gado gona ƙara tsukewa take yi. Wanda Allah ya hore wa kuma ya fi son ya biya kujerar Makka ko ya sayi mota ya sa a hanya.

Haka wasan kara, inda samari ke ƙera bindiga da tabarau da na'urar ɗaukar hoto da karan dawa, wani ya zama gwamna, wani alƙali, wani jandarma, su kwaikwayi manya a bainar jama'a ba wanda zai ce musu uffan. Yawancin wannan barkwanci ya koma TikTok.

Tibiri da buɗin daji

Tafiyar 'yan mintoci ce a kabu-kabu daga Maraɗi zuwa Tibiri, wato Tsibirin Gobir. Gobirawa sun kafa garin a 1836 bayan kashin da suka sha a yaƙin Gawakuke, ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, kusa da Katsinawan da suka riga su yin hijira zuwa Maraɗi. Tun daga lokacin garuruwan biyu ke zaman maƙwabtaka. A 2010 gwamnati ta ɗaga kujerun sarakunansu zuwa matsayin sultan.

A nan ne buɗin daji ya fi riƙe martabarsa. Asalinsa al'adar maharba da Anna ce: bayan an kwashe amfanin gona, ba a shiga farauta sai an yi hidimar buɗe daji, masu duba su faɗi abin da suke hasashe game da shekarar da ke tafe, ruwa ko fari, lafiya ko annoba. Ana fitowa da dawaki, ana busa algaita da kakaki, tambura na amsawa. Inna, wadda ake naɗawa daga gidan sarauta kuma take shugabantar 'yan bori, tana da gurbinta a hidimar, wanda ba kowace masarautar Hausa ke ba mace irinsa ba.

Wannan ɓangare ne ke jawo ce-ce-ku-ce. Malamai da dama, musamman na Izala da ke da ƙarfi a Maraɗi, na ganin duba da yanka ga iskoki shirka ne da bai kamata Musulmi ya halarta ba. Masu kare bikin kuma na cewa tarihin Gobir ne, kuma yawancin masu zuwa kallon hawa da kiɗa ke kawo su. Mutanen gari ba su manta da Nuwamban 2000 ba, lokacin da zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA da ake yi a Yamai ta rikiɗe a Maraɗi, aka kai hari mashaya da coci da gidan Iya, takwarar Inna a fadar Katsinan Maraɗi. Tun daga nan abin da ake yi a fili ya ragu. Hawa da kirari sun tsaya a idon jama'a, sauran ya koma bayan danga.

Abin da ake ci

Idan Tibiri ke da tarihi, Jiratawa ke da kwano. Garin na kudu da Maraɗi a gundumar Madarunfa, kuma filin noman raninsa mai faɗin kusan hekta 500 na aiki tun farkon shekarun 1980. Sa'ad da gonakin tudu suka bushe, a nan ake fara aiki: tattasai, tumatir, albasa, alkama, da kuma zogalen da ya yi wa garin suna har Yamai da Katsina.

Zogale a da abincin talaka ne, wanda ake komawa gare shi idan rumbu ya yi ƙasa. Yanzu kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan man gyaɗa, ko dambunsa, na kan teburin kowace walima, har ta manyan ma'aikata. Ɗan Maraɗin da ke Kwatano ko Aljeriya ko Faransa, idan za a yi masa saƙo, busasshen zogale da kilishi da yaji ne kan gaba.

Sauran abincin kaka bai canza ba. Furar sabon hatsi da nono, wadda ƙamshinta ya bambanta da ta tsohon hatsi, tuwo da miyar ɗanyar kuɓewa kafin ta ƙare a koma busasshiya, dafaffiyar gyaɗa, ɗanwake, da naman jar akuyar Maraɗi da fatarta ta kai sunan garin kasuwannin Turai.

Sai dai noman Jiratawa na rataye da wutar lantarki, domin da inji ake ɗago ruwan daga rijiyoyi. Gulbin kansa 'yan watanni yake gudu a shekara, ga kuma madatsar ruwan Jibiya a can sama, ɓangaren Najeriya. Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, aka kuma rufe iyaka, jihar Maraɗi ta ji a jikinta. Ambaliyar 2024 ta rusa gidaje da dama a birnin, sannan a Oktoban shekarar hukumomi suka hana fitar da hatsi waje, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. A wasu ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji da ke bakin iyaka, tsoron 'yan bindiga ya sa kiɗan dare ya zama abin da ake yi da ido ɗaya a buɗe.

Filin Kantu

Abin da bai ja da baya ba shi ne kokowa. Ta taso ne daga dandalin ƙauye, inda samari ke gwada ƙarfi bayan girbi, har gwamnati ta mayar da ita gasar ƙasa a 1975. Takobin farko, wanda aka yi a Tawa, ɗan Maraɗi ne ya ɗauke shi, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu, kuma sunansa filin kokowar birnin ke ɗauke da shi. Kowace jiha cikin takwas na tura 'yan kokowa goma, kuma kafin a kai ga haka sai an yi zaɓe tun daga ƙauyuka. Makaɗa da masu kirari da 'yan barkwanci na samun kasuwar da ba su samu sauran watanni. Laya da guru na nan a jikin 'yan wasa, amma ƙorafin da ake yi a kansu bai kai wanda ake yi kan buɗin daji ba.

A Disamban 2015 birnin ya karɓi bikin ranar Jamhuriya da aka yi wa laƙabi da Maraɗi Kwalliya. An samu tituna da gine-gine, an yi mako ana shagali, daga nan bikin ya wuce Agadas.

Darasi daga Luwiziyana

'Yan Nijar mazauna Amurka da suka taɓa leƙa jihar Luwiziyana a watan Oktoba za su ga abin da ya yi kama da gida. Al'ummar Kajun, jikokin Faransawan da Ingila ta kora daga gabashin Kanada tun 1755, sun daɗe ana yi musu kallon ƙauyawa. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya sa Ingilishi kaɗai ake koyarwa da shi, yara na shan horo idan suka yi Faransanci a makaranta. Sai a 1968 aka kafa hukumar farfaɗo da harshen. Yau birnin Lafayet na shirya bikin kiɗa da abinci duk kaka, baƙi na zuwa daga nesa don goge da akodiyon da wata miya da ake kira gumbo, wadda ake yawan yi da kuɓewa, kuma bayi daga Afirka na cikin waɗanda suka kafa tushenta.

Bambancin shi ne can an tara komai wuri guda, an sa masa rana, mai otal da mai abinci da makaɗi kowa ya san rabonsa. A Maraɗi mai son gani sai ya bi Tibiri don hawa, ya gangara Jiratawa don kwaɗo, ya dawo filin Kantu don kokowa, kuma ranar buɗin daji daga bakin fada ake jin ta. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda ake kan ginawa, zai ratsa ta Katsina da Jibiya kafin ya tsallako iyaka.